Ƙudan kicin da ƙudan tukunyar fulawa: me ya sa tarko ɗaya bai kama su duka ba?

Wata 'yar'uwa ta tambaya jiya da daddare. Ta ce tun shigowar mangwaro ƙananan ƙudaje suka addabi gidanta. Ta haɗa tarkon ruwan khal (wato vinegar) kofi biyu: na kicin ya kama da yawa, na falo kusa da tukwanen fulawa kuwa ko ɗaya bai faɗa ba. Shi ne take tambaya ko khal ɗin jabu aka sayar mata.

Hajiya, khal ɗinki lafiyarsa ƙalau. Baƙi iri biyu gare ki, kuma ba abinci ɗaya ya kawo su ba.

Ki tsaya ki dube su da kyau. Na kicin gajere ne mai ɗan ƙiba, ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, kuma idan ya sauka a kan farin faranti za ki ga idonsa ja. Na falo baƙi ne siriri mai dogayen ƙafafu, sai ka ce jinjirin sauro, ga shi rago wajen tashi. Ki ɗan girgiza tukunyar fulawar, za ki ga wasu sun tashi, wasu na gudu a kan ƙasar.

Mai jan ido warin tsami yake bi, wato abin da ya nuna har ya soma ruɓewa: mangwaron da ya fashe a ƙasan kwando, tumatir ɗaya da ya yi ruwa, albasar da ta ruɓe a bayan buhu, ragowar zoɓo ko kunun zaki a gindin gora. Shi ya sa khal ke ruɗarsa. A jikin irin waɗannan macen ke zuba ƙwai, kuma mace ɗaya tana iya yin ɗaruruwa. A yanayi mai ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 8 zuwa 10 ne kawai. Saurin haihuwar nan ne ma ya sa masana kimiyya suka mayar da shi abin gwaji. Da shi Thomas Hunt Morgan na Amurka ya yi binciken gādon halitta da ya ba shi kyautar Nobel a 1933. Mu dai a kicin ba kyautar da yake kawo mana. Sau da yawa ma ba ta taga ya shigo ba, da kuɗinki kika sayo ƙwansa a jikin kayan gwari.

Tarkonsa kin riga kin iya, sai dai kar ki manta da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa. Idan babu sabulun, sai ƙudan ya tsaya a saman khal ya sha ya tashi abinsa. Da sabulu kuwa nutsewa yake. Amma tarko manya kaɗai yake kamawa. Ni na taɓa yin sati biyu ina canza khal, ina kwashe gawarwaki kullum, ba su ƙare ba. Ranar da na ja durowa sai ga dankali guda ya narke a lungu, tsutsa fal. Na fitar da shi, na wanke wurin, kafin sati ya zagayo kicin ya yi tsit. Don haka ki bi lungu-lungu da hancinki. Ki wanke 'ya'yan itace da an kawo, wanda ya nuna sosai ya shiga firji, shara ta kwana a waje, tsumman goge-goge a wanke a shanya a rana.

Baƙin nan na falo shi ba ruwansa da tsami sosai. Danshi yake so. A cikin ƙasar tukunya yake ƙwai, tsutsarsa na cin fumfuna da ruɓaɓɓen taki, idan ta yi yawa har ƙananan saiwoyi take ci. Laifin yawanci na mai ban ruwa ne, don mu muna ganin ƙaunar shuka ita ce a yi mata wanka safe da yamma. Kina son tabbatarwa? Ki yanka dankalin turawa ɗanye, ki kifa a kan ƙasar, bayan kwana biyu ko uku ki ɗaga. Idan kin ga 'yan tsutsotsi farare masu baƙin kai, to su ne.

Maganinsa ki janye hannu daga ruwa. Ki cusa yatsa cikin ƙasar. In dai gaɓa biyu ba su fito a bushe ba, kar ki ƙara. Ki zubar da ruwan da ke kwanciya a farantin gindin tukunya, ki watsa yashi busasshe a sama. Manyan kuma launin rawaya ke jan su, sai ki sami kwali rawaya ki shafe shi da Vaseline ki kafa a tukunyar. Wannan sai kin yi haƙuri, don zagayen rayuwarsa sati 3 zuwa 4 ne, ba kamar na kicin ba.

Idan kuma kin ga wani mai faffaɗan fuka-fuki masu gashi yana lafe a bangon banɗaki, wannan na kwata ne. Yauƙin da ke cikin bututu yake ci, sai an sa buroshi an kankare.

Wasu kan ce a fesa fiya-fiya ko Sniper. Don Allah a'a, musamman a kicin. Guba ce mai ƙarfi, ga abinci ga yara, sannan ba ta kai wa ga ƙwan da ke cikin mangwaro ko tsutsar da ke ƙarƙashin ƙasa. Kofin khal ɗin nan na falo ki ɗauko shi ki mayar kusa da kwandon shara, can ne zai yi miki aiki.