Famfon zuƙe baƙin mai: abin da na gani bayan na fara juye a gida

Masu tambayata ko ɗan famfon nan na zuƙe baƙin mai ya ci kuɗinsa, ku karanta har ƙasa kafin ku zaro kuɗi, don abin da zan ce a farko daban, na ƙarshe daban.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 babu abin mota da bai tashi ba. Galan ɗin man inji ya tashi, filta ta tashi, kuɗin aikin gareji ya bi sahu. Ba sai na faɗi farashi ba, duk mai riƙe da mota a Kaduna ya san abin da yake bari a shago idan lokacin juye ya zo. Corolla ce a hannuna, ƙirar 2006, 'yar Amurka, kullum tana tsakanin Kawo da Barnawa, wani lokaci ta leƙa Zariya. Kuɗin aikin ma bai ci min rai kamar rashin natsuwa ba. Ka kai galan a rufe, a nuna maka benci, yaro ya zagaya bayan gareji da shi, ka dawo gida kana tunanin wane mai aka zuba maka. Ga shi a murfin injin an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro, wato lambar kaurin man da ya dace da shi, amma in ba ka tsaya a kai ba 20W-50 za a ɗura, a ce maka shi ne mai nauyi, shi ya dace da zafinmu. Wannan ya sa na ƙudura in riƙa yin juyena a ƙofar gida.

Famfon ɗan ƙarami ne, hannu ɗaya ke ɗaukarsa. Yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, da ake maƙalawa a kan batirin mota, sai tiyo biyu: siririn ya bi ta ramin geji, inda ake duba yawan mai, har ƙasan inji, mai kaurin ya shiga jarka. Mai shagon da na saya a wurinsa a cikin gari cewa ya yi, "Yallaɓai, da wannan ka huta da kwanciya ƙarƙashin mota. Ko da farar shadda sai ka yi juye."

Gaskiya ranar farko ya burge ni ƙwarai. Lokacin zafi ne, na ɗan ɗumama inji, na zura tiyo, na danna. Sai ga mai baƙi wuluk yana bin tiyon yana zuba a jarka, ko ɗigo bai taɓa siminti ba. Daɗi ya kama ni, da yamma a majalisa babu wanda ban tallata masa ba. Abu ɗaya ne mai shagon bai faɗa ba: filtar Corolla daga ƙasa take. Ko ka zuƙe mai ta sama, dole ka shimfiɗa kwali ka kwanta ka kwance ta, kuma man da ke cikinta sai ya gangaro maka har gwiwar hannu. Zancen farar shadda dai zance ne. Duk da haka na ce ba komai, rabin wahala ya tafi.

Da hunturu ya shigo ne ya nuna halinsa. Ranar Asabar da safe, hazo ya rufe gari, na ɗumama inji yadda takardar cikin kwalin ta ce. Famfo ya fara ja, can sai ƙararsa ta sauya, ya koma gurnani, mai na fitowa tsit-tsit da kumfa. Jarka ta tsaya wajen lita 3, alhali motar na shan kusan lita 4. Na kashe, na ce bari in zaro tiyo in gyara masa zama. Ya ƙi fitowa. Na ja a hankali, ya miƙe kamar danƙo, ƙasansa na nan a maƙale. Wallahi gabana ya faɗi. Idan tiyon nan ya tsinke a ciki, babu yadda za a yi sai an sauke kwanon ƙasan inji, kuma ba zan kuskura in tayar da motar in kai ta gareji da guntun roba a cikin mai ba, sai dai a jawo ta. Mutum ya fito neman sauƙin kuɗin juye, ya tashi da aikin da ya ninka shi sau ba adadi. Ga yara sun shirya za a kai su Islamiyya, uwarsu na leƙowa daga ƙofa tana tambaya ko an gama.

Maƙwabcina ne ya cece ni, wani dattijo da ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri, wanda aka buɗe a 1975, tun zamanin da 504 ke yayi. Ya fito da butarsa, ya ga yadda na tsaya, ya matso ya leƙa. "Ɗana, kada ka fizga," ya ce. "Zafi ne ya sa ya yi laushi ya lanƙwashe a ciki. Bar injin ya huce." Muka zauna muna jira, hankalina duk yana kan motar. Da ya huce, Baba ya kama tiyon da yatsu biyu, ya ɗan tura shi ciki tukuna, ya murza hagu, ya murza dama, yana ja kaɗan kaɗan. Sai ga shi ya fito. Bakinsa ya naɗe ya manne, ga wani yanka a gefe wanda saura ƙiris ya raba shi biyu.

Daga nan ya ce in kawo sifana lamba 14 in kwance notin ƙasa. Na ce, "Baba, ai an zuƙe yawancinsa." Ya ce in kwance dai. Da na kwance, sauran man ya zubo, na ƙarshensa mai kauri, da wani datti da ya kwanta a gindi. Baba ya dangwala ya murza a yatsa ya miƙo min in taɓa, na ji tsaki-tsaki. Wato abin da ya fi dacewa ya fita, shi ne famfon ke bari a ciki, sabon mai ya zo ya gauraya da shi. Na tuna juyen farko da na yi ta yabo, raina ya ƙara ɓaci.

Ban ce duk irin wannan famfo banza ne ba. Akwai motoci, irin Marsandi da yawa, da filtarsu ke sama, kuma ta sama ake zuƙe musu mai, da tiyo mai tauri wanda zafi ba ya narkarwa. Nawa dai araha ce, araha kuwa ba ta ado.

Na koma shagon da tiyon a leda. Mutumin da ya yi min daɗin baki ranar ciniki ko karɓa bai yi ya duba ba. Wai tiyo kayan ƙarewa ne, wai ni na bar inji ya yi zafi da yawa. Na nuna masa takardar kwalin. Sai ya ce zai sa a taho min da mai ƙarfi daga Legas. Wannan rainin ya fi tiyon yi min ciwo, don da ya ce min a yi haƙuri kawai, da na haƙura.

Juye a gida kuwa ban fasa ba, kuma ba zan fasa ba. Sifana 14, tsohuwar jarka da aka yanke gefenta don tarar mai, mazurari, tsumma, da ƙarafan tokare mota guda biyu da aka yi min walda a Panteka, su ke nan. Don Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A sauya washar notin ƙasa. A duba robar tsohuwar filta ta fito tare da ita, don in ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kai, mai zai tsiyaye a hanya. A shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu kawai. Saboda ƙurar garin nan ba na wuce kilomita 5,000. Mai a gidan mai nake saye, in duba hatimin murfi da kaina, in na gama in huda galan ɗin don kada ya koma hannun masu cika jabu. Tsohon man ba na zubarwa a kwata, ruwan sama zai kwashe shi har kogin Kaduna. Masu buga bulo a layinmu ke zuwa karɓa, suna shafa wa injinsu.

Famfon yanzu janareta yake yi wa aiki, da wani guntun tiyo da Baba ya ba ni, kuma a nan ba laifi yana ja. Na Legas ɗin har yau bai iso ba, in na kira lambar mai shagon sai yaronsa ya ɗauka ya ce maigida ya fita.