Sharhi Kan Taskar Hotunan Seasat Ta Cibiyar ASF

Cibiyar ASF (Alaska Satellite Facility), mai adana bayanan taurarin ɗan Adam, da ke Jami'ar Alaska a garin Fairbanks ta yi aikin da ya cancanci yabo a shekarar 2013, lokacin da ta sake sarrafa tsofaffin bayanan radar na tauraron ɗan Adam Seasat, ta mayar da su hotunan kwamfuta, sannan ta buɗe su kyauta ga duk mai buƙata.

Hukumar NASA ce ta harba Seasat a watan Yunin 1978 domin nazarin tekuna, kuma kwana 105 kacal ya yi yana aiki kafin matsalar wutar lantarki ta kashe shi ranar 10 ga Oktoba. Duk da haka, radarsa ta ɗauki hotuna dare da rana, ko da gajimare ya rufe sama, daga nisan kusan kilomita 800, faɗin yankin da take ɗauka a kowane wucewa kilomita 100 ne.

Shiga taskar ba shi da wahala. Mutum zai yi rajistar Earthdata, wato asusun shiga taskokin bayanan NASA, ya buɗe shafin bincike na Vertex, ya zana yankin da yake so a kan taswira, sai jerin hotuna ya bayyana. Hotunan baƙi da fari ne masu ɗigo-ɗigo kamar yashi, amma idan ido ya saba, za a ga layukan igiyar ruwa a jere da tsagewar ƙanƙarar teku, abin da ya sa nake ganin ɗalibin da ke son kwatanta gaɓar teku ta 1978 da ta yau zai ƙaru sosai da wannan taska.

Babban giɓin ya samo asali ne daga tauraron kansa. Radar ɗin ba ta da na'urar adana bayanai, don haka sai tauraron ya ratsa saman ɗaya daga cikin tashoshi biyar da ke Amurka da Kanada da Ingila ake karɓar hoto. Mai neman gaɓar Legas ko ta Accra ba zai same su a nan ba.

Haka kuma ma'aunin tsayin ruwan teku da wata na'ura ta daban a kan Seasat ta ɗauka, wanda da shi masanin kimiyyar ƙasa William Haxby ya zana taswirar da ta bayyana duwatsun ƙarƙashin teku, saboda nauyin dutse yana janyo ruwa ya ɗan tudu a kansa, ba ya cikin wannan taska, sai mai binciken siffar duniya ya neme shi a wata taskar daban.