Gidan jere a gefen Abuja: abin dubawa kafin ka saki kuɗinka

Duk wanda ke bin titin Filin Jirgi ko babban titin Kubwa ya ga yadda gidajen jere, waɗanda dillalai ke kira teras, suka cika rukunin gidajen Lugbe, Lokogoma, Dawaki da Karsana. Gida huɗu ko shida a layi ɗaya, bango guda ya raba kowa da maƙwabcinsa, ɗakunan kwana a sama, falo da kicin a ƙasa. Fili ya yi tsada, kamfani kuwa zai iya tsayar da gida shida a inda da can biyu za su zauna, don haka farashin ya sauko zuwa inda ma'aikaci ko ɗan kasuwan da haya ta ishe shi zai iya ɗaga kai ya duba.

Sai dai a irin wannan gida, abin da ke bayan ƙofarka ne kawai naka kai kaɗai. Hanya, wurin ajiye mota, wuta, ruwa, kwata da mai gadi duk na tarayya ne, kuma za ka yi ta biyansu muddin kana ciki. Ranar duba gida idon mutum kan tafi kan tayil da fenti da kabad ɗin kicin. Waɗannan ana iya canza su a mako biyu. Wurin fakin kuwa yadda ka same shi haka za ka zauna da shi.

Dillali zai ce maka gidan yana ɗaukar mota biyu. Tambaye shi: gefe da gefe, ko ɗaya a bayan ɗaya? Mota guda tana buƙatar kamar mita biyu da rabi a faɗi, mita biyar a tsawo. Corolla za ta shige da sauran wuri, amma Hilux ta haura mita biyar, Sienna ma haka, sai ka ga gindinta ya leƙo kan hanya. Fuskar teras kuma ba ta da faɗi, in aka cire matakalar ƙofa da ɗan wurin janareta, mota biyun nan sai dai a jera su a tsaye. Ma'anarsa, duk safiyar da uwargida za ta riga ka fita kai yara makaranta, sai ka sauko ka janye taka. Ka je da abin awo, ko ka shigar da motarka ka buɗe ƙofofinta huɗu ka gani.

Tsarin fakin iri uku ne. Akwai wanda wurin yake gaban ƙofarka, wani lokaci har da ɗan shinge. Akwai wanda aka ware maka a filin tarayya aka rubuta lambar gidanka. Akwai kuma na kowa ya samu ya ajiye. Na farko ya fi, ba gardama. Na biyu ba laifi, in har lambar wurin tana cikin takardar cinikin, ba a bakin dillali kawai ba. Na ukun nan shi ne nake ba kowa shawarar ya guje masa ko da an rage masa kuɗi. Rukunin da yau rabinsa babu kowa zai cika, yara za su girma su fara tuƙi, wani ya ba da gidansa haya ga samari uku kowa da motarsa. Daga nan sai ƙwanƙwasa ƙofa da asuba ana neman mai jar mota da ya tare hanya, sai barin makulli a hannun mai gadi, sai gaisuwa ta fara sanyi tsakanin mutanen da ke sahu ɗaya a masallaci.

Ga kuma baƙi. Mu mutane ne masu taro. Suna, walima, buɗa-baki, zaman makoki na kwana uku, 'yan'uwa daga Kano ko Sakkwato da suka zo neman biza ko ganin likita suka sauka a gidanka. Rukunin da bai ware wa baƙi wurin ajiye mota ba, ranar sunan ɗanka kai da maƙwabta za ku kwana da ɓacin rai. Ka tambayi wurin baƙi nawa ne, ana barin motar baƙo ta kwana, kuma ƙarfe nawa ake rufe get. Kada ka tsaya ga zuwan rana tsaka lokacin da kowa yana ofis. Koma da ƙarfe tara na dare a ranar aiki, ka sake komawa ranar Asabar da yamma. Ka duba ko tankar ruwa ko motar kwasar masai za ta iya ratsa layin bayan kowa ya ajiye motarsa. Inda ba za ta iya ba, motar kashe gobara ma ba za ta iya ba.

Gidan ƙarshen layi ya fi na tsakiya tsada, kuma a ganina ya cancanci ƙarin: bango ɗaya kake rabawa, kana da tagogi a gefe, sau da yawa da ɗan fili da zai ɗauki mota ta uku ko igiyar shanya. Na tsakiya iska ta gaba da baya kawai yake samu, a zafin Maris kuwa za ka ji bambancin.

Kuɗin da ke kan allon talla somin-taɓi ne. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, wani kamfanin ya ƙara kuɗin kwalta da transfoma daban, sannan kuɗin mita. A sa su duka a takarda ɗaya kafin ka ce ka saya. Bayan su sai wanda ba ya ƙarewa, wato kuɗin hidimar shekara: albashin masu gadi, kwasar shara, fitilun layi, gyaran famfon bohol, share ciyawa. Kada ka tambayi na bana kaɗai. Nemi wani mazaunin ya nuna maka rasit na shekara uku a jere, ka ga yadda yake hawa. Ka kuma san wa ke yanke shi. Inda kamfanin da ya gina rukunin ke riƙe da komai, kai mai biya ne kawai. Inda ƙungiyar mazauna ta karɓi ragama, akwai taro, akwai lissafi, akwai kuma surutu da jinkiri, amma kana da bakin magana. Ni na fi son na biyun.

Ƙirga gidajen da ke da mutane a ciki. In gida tamanin ne a rukunin amma talatin ne ke da labule a taga, albashin mai gadi bai ragu ba, kan talatin ɗin nan zai faɗo. Tambayi yadda ake yi da wanda ya ƙi biya, da kuma ko akwai asusun ko-ta-kwana. Rukunin da ba ya ajiye komai, ranar da transfoma ta ƙone sai a turo saƙo a WhatsApp kowane gida ya kawo kaza cikin mako guda, ana cikin duhu ana jiran waɗanda suka yi tafiya.

Batun wuta ya isa a zauna a kansa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Saboda haka ka san layin da rukunin yake kai. Abu na biyu: mitar gidan ta kamfanin rarraba wutar Abuja, AEDC, ce kai tsaye, ko rukunin ne ke sayen wuta a dunƙule ya sayar muku ta mitocinsa? A tsari na biyu, sau da yawa ana haɗa kuɗin dizal na babban janareta a ciki, wuta ba ta cika yankewa, amma yunit ya fi tsada, kuma in kun samu saɓani kan kuɗin hidima ana iya hana ka sayen kati. A tsari na farko kai da janaretanka ne, maƙwabcinka ma da nasa, a ƙarƙashin tagar ɗakin kwananka. Mai niyyar sa sola ya tambaya tun yanzu ko ana bari, domin rufin teras a haɗe yake, wasu rukunan kuma suna da doka a kan abin da za a ɗora masa.

Sannan wane mataki za ka saya? Kammalallen gida ya fi tsada, amma gani ya kori ji. Kango, wato an yi gini da rufi an bar maka ciki, yana ba ka damar sa waya da bututun ruwa masu kyau da hannunka, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ka nemi mai lissafin gini ya ƙiyasta maka abin da ya rage kafin ka yi murnar araha. Wanda bai wuce zane ba, ana biya kaɗan-kaɗan, shi ya fi sauƙin shiga ya kuma fi haɗari. Karanta ko yarjejeniyar ta ba kamfani damar ƙara kuɗi in siminti ya tashi, da abin da za a yi maka in ranar miƙa makulli ta wuce. Je ka ga wani rukunin da kamfanin ya gama shekaru biyar da suka wuce, ka zauna da mazaunansa.

Takardu aikin lauyanka ne, ba lauyan kamfani ba. A Babban Birnin Tarayya minista ne ke da ikon ba da fili, don haka takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma kaɗai abin tsayawa a bincika ce. A yawancin rukunan nan babbar takardar filin da sunan kamfani take, kai takardar rabo da ta ciniki za a ba ka. A yi bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a ga ko an jinginar da filin a banki, ko Sashen Kula da Gine-gine ya amince da zanen, ko kuma ana biyan harajin ƙasa. A watan Maris na 2025 gwamnatin birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin wannan haraji na sama da shekara goma. Mararaba da Masaka kuwa jihar Nasarawa ne, takardunsu can ake bincika su, arahar gidajensu kuma cunkoson hanyar Nyanya zuwa shataletalen AYA ne ke cinye ta safe da yamma. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, NHF, yana da damar neman rancen gida mai ruwan kashi 6 ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankuna irin su Jaiz da TAJ. Duk cikinsu sai takardun gida sun yi tsabta.

Ka ga wurin da damina. Ambaliya ta shanye gidaje a rukunin Trademore na Lugbe a watan Yunin 2023, sassan Lokogoma ma sun sha fama da ruwa. Duba gindin katanga ko akwai layin laka, duba inda kwatar rukunin ke zubewa, ka kuma bi hanyar da ta haɗa get da babban titi a watan Agusta.

Hoton talla yana son wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki. In ba amfani za ka yi da su ba, sani cewa kai za ka riƙa biyan maganin ruwan da mai share shi. Abubuwan da iyalinmu ke taɓawa kullum daban ne: ruwan Hukumar Ruwa ne ko bohol, kuma bohol nawa, masallacin da za ka iya takawa da asuba, Islamiyya kusa, fili inda yara za su buga ƙwallo ba a tsakanin motoci ba, ɗaki da banɗaki a ƙasa saboda Hajiya in ta zo, don gwiwarta ba za ta ɗauki bene sau biyar a rana ba. Tsaya a bayan gida ka ɗaga kai, ka ga tagogi nawa ke kallon inda matan gidan za su yi wanki da shanya. Tura wani ya shiga gidan da ke jikin naka ya yi magana da ƙarfi kana saurare, ka tambaya ko bangon tsakani bulo mai inci tara ne ko mai shida. Nemi kundin dokokin rukunin ka karanta: ina ake ɗaure ragon layya, ina ake yanka, ana barin kaji, ana barin rumfar mota, ana barin ba da haya ta kwana-kwana a gidan da ke manne da naka?

In ka gamsu, kuɗi ya shiga asusun kamfanin da sunansa ke kan takarda, ba na dillali ba, kowane biya da rasit. Ka nemi a rubuta cewa kason ƙarshe sai ranar da aka miƙa maka makulli, mita tana aiki, famfo yana zuba, lambar wurin motarka kuma tana cikin takardar da ku duka kuka sa wa hannu.