Horon ƙarfi da horon ƙasa: wanne zai kai duƙushinka hawan Sallah?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi duƙushi ɗan shekara 2 da rabi, ba a taɓa hawansa ba, burinka ya shiga hawan Sallah. Dattijon da ke kula maka da barga ya ce a ɗaure shi a turke, a ɗora sirdi, a sami yaro mai ƙarfin cinya ya hau shi har ya gaji ya sallama. Wani abokinka kuma ya nuna maka bidiyon Turawa suna hora doki daga ƙasa da doguwar igiya, ba bulala ba ƙaimi. Ka ce a kwatanta maka. Allah ya sanya alheri a goshinsa.

Kada bidiyon ya ruɗe ka: duka hanyoyin biyu da matsi suke aiki. Mai horon ƙarfi yana matsa wa doki, mai horon ƙasa ma yana matsa masa. Inda suka rabu shi ne lokacin da ake sakin matsin. Doki ba daga jan igiya yake koyo ba, daga sassautawa yake koyo. Ka ja ragama a hankali, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya matso, ka saki nan take, to ya gane cewa matsowa ce ke kawo masa sauƙi. Idan ka ja, ya matso, ka ci gaba da ja, abin da ya koya shi ne biyayya ba ta da amfani, sai ya gwada wata dabara: turjiya, tabarya (miƙewa a kan ƙafafun baya), ko shuri. Abin da masu bidiyo ke kira amana tsakanin mutum da doki, a ganina ba wani sirri ba ne illa wannan. Doki ya san abin da za ka yi kafin ka yi, ya kuma san mafita.

Mu ɗauki ranar farko ta sirdi, don a nan bambancin ya fi fitowa fili. A horon ƙarfi, rana ɗaya ake haɗa masa komai: jalala (shimfiɗar ƙarƙashin sirdi), sirdi, majanyi a ɗaure tamau a ciki, linzami a baki, ga mutum a gadon baya. Ga dabbar da Allah ya halitta da gudun abin da zai dirar mata a baya, wannan kamar zaki ne ya kama ta. Zai yi tutsu, ya yi tsalle, gumi ya jiƙa shi, can ya tsaya cik yana haki. Jama'a su ce ya horu. Wani lokaci ya horu ɗin, ba na musu. Amma sau da yawa gajiya ce kawai, tsoron yana nan a kwance, yana jiran ranar da zai sami ƙarfi da dalili.

A horon ƙasa kuwa, wannan rana ɗaya ana yanka ta gida-gida. Da farko ya yarda ka shafa shi ko'ina, har ciki da kunnuwa da ƙasan ciki inda majanyi zai bi. Ya koyi bin ragama ba tare da ja-in-ja ba, ya tsaya idan ka tsaya, ya ja da baya idan ka taɓa ƙirjinsa, ya kautar da ƙugunsa idan ka danna gefensa da yatsa a daidai inda dugaduginka zai riƙa taɓawa nan gaba. Ka lura da wannan na ƙarshen, domin umarnin da za ka ba shi a kan sirdi ne kake koya masa tun kana tsaye a ƙasa. Sannan ya ɗaga maka kofato huɗu. Sai tsumma a baya, a ɗora a sauke. Sai jalala. Sai igiya a zagaya ciki, a ɗan matsa a saki. Ranar da sirdi zai hau, ba sabon abu a ciki sai nauyi. Minti 15 zuwa 20 sun isa zama ɗaya, kuma ka tashi a kan abin da ya yi daidai.

Wajen sauri, horon ƙarfi ya yi gaba, ba gardama. Cikin kwanaki kaɗan za ka ga mutum a kansa, ɗayan kuma makonni yake ci. Sai dai shekarun dokinka ma sun hana ka gaggawa. Ƙashin bayan doki shi ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Ɗan shekara 2 da rabi ba na sukuwa da zamiya ba ne, balle ya ɗauki ƙaton mutum da sirdinmu na gargajiya da kayan ado yini guda. Watannin da za ka jira ƙashinsa ya ƙara ƙwari su ne daidai na aikin ƙasa, ba ka yi asarar komai ba.

Sai batun baki. Linzami yana zama ne a gurbin da ba haƙori, inda fatar dasashi ce kawai ta rufe ƙashi. Linzaminmu na hawa, mai tudu a tsakiya da zobe a haɓa, yana da kaifi ƙwarai. A hannun gwani da dokin da ya riga ya san tsayawa, ɗan motsin yatsa ya wadatar, shi ya sa kake ganin mahayi ya taho da jafi a guje ya yi zamiya a gaban sarki kamar an dasa shi. Amma idan da wannan linzamin za a koya wa duƙushi tsayawa tun farko, bakin ne zai mutu. Dokin da aka fizga har dasashinsa ya yi kanta, gobe sai an ƙara ƙarfi, jibi a ƙara. Mai horon ƙasa da ragama yake koyar da tsayawa da juyawa, linzami ya zo daga baya ya tarar da darasi a zaune.

Tunda hawan Sallah kake nufi, ga inda na fi ba horon ƙasa maki. Filin hawa cike yake da abin firgita: 'yan bindiga, kakaki, tambari, algaita, lema, yara suna kutsawa ta ƙarƙashin wuya. Idanun doki a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa ko daidai bayan wutsiyarsa, shi ya sa abin da ya ɓullo masa ta nan yake zaburar da shi. Idan ya firgita da lema ka zabga masa bulala, yanzu abu biyu yake tsoro: lema da kai. Idan kuwa ka buɗe ta daga nesa, ka jira ya sauke kai ya saki numfashi, ka rufe, gobe ka matso taku biyu, zai ƙare yana shinshinar ta. Haka ganga, haka ƙarar bindiga, daga nesa zuwa kusa. Na taɓa ganin ingarma da kowa ke yabon ladabinsa a barga, bindiga ta tashi kusa da shi ya yi tabarya ya kifar da mahayinsa a tsakiyar jama'a. Ba mugun doki ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa bindiga sai ranar.

Kada kuma ka ɗauka lallashin doki ƙirƙirar Turawan yau ce. Zenofon, sojan Girka da ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya yi gargaɗin kada a taɓa doki cikin fushi. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan kusa: Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha ta hau wani raƙumi mai gardama tana ta juya shi da ƙarfi, Annabi (SAW) ya ce mata ta riƙi sauƙi. An kuma hana dukan dabba a fuska. A Amurka, John Rarey na jihar Ohayo ya yi suna a 1858 da ya je Ingila ya lallashi wani mugun ingarma mai suna Cruiser, kuma dabararsa ta haɗa da ɗaure ƙafar gaba ɗaya har doki ya kwanta, sannan ya bi shi da shafa. Ka ga ko shi bai rabu da dabaibayi ba. Daga baya 'yan'uwa biyu, Tom da Bill Dorrance, da Ray Hunt suka yaɗa salon lallashin a tsakanin makiyayan yammacin Amurka, sai Monty Roberts da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gayyata fadar Windsor a 1989, daga nan abin ya cika duniya.

Salon nasu ma yana da nasa aibin. Wanda ake kora doki a zagayayyen shinge har ya juyo ya bi mutum, ana tallata shi kamar doki ya ɗauke ka shugaban garke. A 2012 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun yi wannan korar da 'yar motar wasan yara mai rimot, dawakai suka koyi matsowa kusa da motar don ta daina bin su. Wato matsi da sassauci ne dai, kuma idan mai korar bai iya ba, tsoratarwa ce ba bulala. Ɗaya aibin shi ne shagwaɓawa. Wasu sun ji an ce sauƙi, sai su bar duƙushi yana tura su da kafaɗa, yana lalubar aljihu, yana ɗan cizo ana dariya. Ingarma mai kilo 300 ko fiye da bai san iyakarsa ba ya fi wanda aka hora da ƙarfi haɗari. Idan ya shigo jikinka, ka mayar da shi baya a take, da ƙarfin da ya isa, ka kuma daina da zarar ya koma.

Dattijon bargarka kuma kada ka yar da shi saboda bidiyo. Rabin aikin ƙasa yana hannunsa bai sa masa suna ba: shi ke kai harawa da dusa da kanwa, shi ke wanka da sharce jiki, muryarsa dokin ya sani, da ganin kunne ya san abin da ke ransa. Idon nan ba a samun sa a waya. Abin da za ka roƙe shi, cikin girmamawa, shi ne a jinkirta ranar hawa, a raba ta kashi-kashi.

Da ni ne, bana ba zai shiga hawa ba. Zan yi aikin ragama da sabo da kaya har ya cika shekara 3, sannan yaro mara nauyi ya fara kwanciya a bayansa wani na riƙe da shi, a fara kilisa a bayan tsohon doki mai natsuwa. Ranar Sallah a ja shi da hannu zuwa bakin fili, nesa da 'yan bindiga, ya ji ya gani, a mayar da shi gida tun bai rikice ba.