Tiyata da katin inshora: likitoci sun yi aikinsu, sauran sai ƙafar mai jinya

Wanda ya tambaye ni ko zan sake kai iyalina asibitin koyarwa na gwamnati a yi masu tiyata, zan ce masa eh ba tare da wata-wata ba. Amma wanda ya ce katin inshorar lafiya kaɗai ya isa a shiga a fito, wannan bai taɓa jinya ba. Kada ka yarda ka je babu kuɗi a aljihu, babu kuma matashi mai ƙafa a gefenka. An cire wa maiɗakina ƙari a mahaifa a ɗaya daga cikin irin waɗannan asibitoci a nan Arewa. Ƙanwarta ce ke kwana da ita a ɗakin mata, ni kuma zirga-zirgar waje ta faɗo kaina.

Bari in fara da abin yabo, domin haƙƙinsu ne. Babbar likitar mata da ta duba ta ba ta yi mana gaggawa ba. Ta ɗauki biro ta zana mahaifa a bayan takardar awo, ta nuna inda ƙarin yake, ta faɗa mana da Hausa cewa za su yi ƙoƙarin barin mahaifar, amma idan jini ya ƙi tsayawa dole a cire, sannan ta ce mu je mu yi shawara kafin a sa hannu. Aikin ya yi kyau, ɗinkin bai yi ruwa ba. Ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa kuwa, wanda ka gani da asuba yana zagaye shi za ka sake gani bayan isha'i, ido ya yi ja. A asibitin kuɗi da muka fara tambaya, abin da suka yanka mana ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, kuma an tsegunta min cewa likitan da za su kira ya yi aikin daga nan asibitin gwamnatin zai fito.

Matsalar tana tsakanin ofis da ofis. Kafin a sa ranar tiyata sai kamfanin inshorar da ke riƙe da mu ya turo lambar amincewa. Ofishin inshora na asibiti ya ce ya aika, kamfani ya ce bai gani ba. Ni ne na zama waya tsakaninsu, ina kiran wannan ina tsaye a gaban wancan. Da lambar ta fito, sai aka ce ta tiyata ce kawai, hoton ciki yana buƙatar tasa daban.

Sai biyan kuɗi. Tun da aka tilasta zuba kuɗin gwamnatin tarayya a asusun bai-ɗaya a 2015, asibitocin tarayya ba sa karɓar kuɗi a hannu yadda aka saba, kuma ni ina goyon bayan haka, ya rage 'yan sama-da-faɗi. Sai dai a aikace ga yadda abin yake: a rubuta maka awon jini, ka je a yi maka lissafi a taga ɗaya, ka biya a ta biyu, ka koma a buga wa rasit hatimi, sannan ka kai ɗakin awo. In an ce babu netwok, kowa ya nemi benci. Wata dattijuwa da ta zo daga ƙauye ita kaɗai da 'yarta ta miƙo min takardu a cukurkuɗe ta ce, "Ɗan nan, don Allah duba min, wacce ce ta jinin?" Rasit ɗin yana hannunta tun safe, ba ta san an gama biya ba. Asibitin yana da kwamfutoci, amma fayil ɗin mara lafiya har yanzu masinja ne ke ɗaukarsa a ka, kuma ranar da namu ya ɓace a tsakanin ɗakin kati da ɗakin likita, ganin likita ya tashi.

Kantin magani na masu inshora shi ya fi ba ni haushi. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai za ka biya. To amma sai in akwai maganin. Farasitamol da maganin ƙarin jini ba sa yankewa. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta bayan tiyata kuwa, sai aka rubuta "babu" a gefenta, na tsallaka titi na saya a kyamis da cikakken farashi. Safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa, duk sun shiga jerin da aka miƙo min ana gobe aiki. Jini ma sai da na kawo 'yan uwa biyu suka bayar kafin a yarda a shiga da ita.

Da farko na ɗauka wulaƙanci ne kawai ake wa mai kati. Wani ma'aikacin ofishin lissafi da muke haɗuwa a masallacin asibiti ya warware min. Asibiti na samun kuɗin masu inshora ta hanya biyu: akwai ƙayyadadden kuɗi da ake biya kan kowane mutum duk wata don ƙananan cututtuka, ya zo ko bai zo ba, akwai kuma na manyan ayyuka irin tiyata, wanda sai an yi aikin a tura takardar neman biya. Na farkon ya shafe shekaru yana naira 750, sai a 2024 aka fara ƙara shi, alhali farashin magani ya riga ya yi tashin gwauron zabi bayan faɗuwar naira. Na biyun kuma yakan daɗe bai fito ba. Kantin magani da abin da ya sayar yake sayo sabo. Mai kuɗi a hannu yau zai biya, mai kati sai wata da watanni. In kai ne mai kanti, wa za ka ajiye wa allura mai tsada?

Tushen abin ya wuce asibiti ɗaya. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu masu masaukin baƙi yawanci tsakanin 4 da 6 muke yawo. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar 2022 ta mayar da inshorar lafiya wajibi ga kowa, amma a ɗakin da muka kwanta masu kati ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba. Ko mu ma'aikata, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 tsarin inshorar ya ɗauka. Mai mata biyu da tsofaffin iyaye sai ya san inda dare ya yi masa.

Wuta ma wani labari ne. Tun da aka kai farashin wutar layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, manyan asibitoci suke kuka da takardar wuta. Ɗakin tiyata bai rasa wuta ba, janareta na tsaye, wannan na shaida. Ɗakin kwanciya ne ake bari. Wani dare na leƙa na ga nas tana neman jijiya a hannun wata mata, ƙanwar matata na haska mata da fitilar waya, sauran masu jinya suna fifita da kwalin magani.

Nas-nas ɗin ba zan yi masu kuɗin goro ba. Akwai mai tsawa, akwai wadda ta zauna ta lallashi matata lokacin da ciwo ya taso. Da dare su biyu ne a kan ɗaki guda cike da gadaje, to yaya za su yi? Wankan mara lafiya, juya ta, zubar da fo, kai jini ɗakin awo, karɓo sakamako, lura da ruwa in ya kusa ƙarewa a ruga a ce "Sista, ya ƙare," duk dangi ne ke yi. Da za a kori masu jinyar da ke shimfiɗa tabarma a baranda, asibitin ba zai kai azahar yana aiki ba, kuma babu wanda ke lissafa wannan aikin a kasafi. Banɗaki kam a bar maganarsa, ku tafi da bokitinku da sabulunku.

Ranar sallama likita ta sa hannu da hantsi, amma sai da muka bi ofis-ofis ana tabbatar da cewa ba a bin mu bashi, muka fita ana kiran magariba, alhali wata na kwance a sashen gaggawa tana jiran gadon. Mai shirin zuwa ya nemi lambar amincewarsa tun kafin ranar kwanciya, ya ɗauki hoton kowane rasit da wayarsa, ya kuma tambayi likita tun a zagayen safe ko maganin da aka rubuta yana da madadi a cikin waɗanda inshora ke bayarwa. Sau da yawa akwai, sai dai ba a faɗa sai an tambaya.