Hitar kananzir ɗinmu a Tsukuba, ƙasar Japan: ɗumi dai akwai, amma atamfofina sun tafi

Tun ƙarshen Oktoba sanyi ya fara shigo mana ta ƙasan ƙofa. AC ɗin bango iskarsa sama take tsayawa, ƙafafun yara a ƙasa kamar ƙanƙara, in kuma na kunna shi tare da tukunyar shinkafa da injin wanki sai wuta ta ɗauke, don amfiya 30 ce a gidan. Shi ne maigida ya sayo hitar kananzir mai fanka a shagon kayan gwanjo, haɗe da jar jarka mai lita 18.

Wallahi satin farko kamar na yi mata waƙa. Ka danna, ba a jima ba ɗaki ya ɗauki ɗumi, irin na kaskon garwashin da Hajiyarmu take sa mana da asuba a Zariya. Yara suka daina kukan shirin makaranta, ni ma alwalar Asuba ta daina yi mini nauyi. Duk awa 3 tana yin ƙara ta kashe kanta in ba a danna mata ba, wannan ma ban ga laifinsa ba, tsaro ne.

Abin da mai shagon bai gaya mana ba shi ne ruwa. Kananzir in ya ƙone tururi yake saki, kusan lita guda a kowace lita. Kullum da safe gilashin taga sharkaf, ina gogewa ina cewa raɓa ce kawai. Ranar Juma'a na buɗe oshiire, wato kabad ɗin bango da ake ajiye katifu, zan ɗauko kayan fita. Bangon ciki ya yi baƙi ƙirin da hunhuna. Atamfofina uku na lefe da leshin da ƙanwata ta aiko mini, duk sun yi ɗigo-ɗigo, ga wari. Na zauna a kan tatami, wato tabarmar ɗakin Japanawa, na yi kuka sosai. Na jiƙa, na wanke, na shanya a baranda, tabon leshin ya ƙi fita.

Yanzu sai na riƙa buɗe taga kowace awa, ɗumin da muka saya da kuɗinmu yana ficewa, ƙaramin yana tari. Ga warin da take yi wajen kashewa, ga jarkar da maigida yake ɗaukowa har hawa na uku babu lifta. Da farko na ba hitar maki biyar cikin biyar, yanzu ko uku da ƙyar. Maƙwabciyata ta ce in gwada kotatsu, wani gajeren tebur mai bargo da hita a ƙarƙashinsa, Asabar za mu je dubawa.