A kwashe ƙasar ko a rufe ta?

Filin da masana'anta ta tashi ta bar wa guba, kafin a gina gidaje a kansa, ko dai a kwashe ƙasar ko a rufe ta.

Kwashewa ta fi tsada. A haƙe, ana yayyafa ruwa saboda ƙura, a gwada ƙasar gindin ramin da gefunansa, sannan a cike da mai tsabta.

Rufewa kuwa, shimfiɗar gargaɗi mai launi ake yi, wadda za ta nuna wa mai haƙa cewa ya kai ƙasa mai guba, a ɗora ƙasa mai kyau kamar santimita 60. Ƙasar da aka ɗora tana tare gubar dalma, amma tururin fetur yana ratsa ta ya shiga ɗaki, sai an sa leda mai kauri da bututun iska ƙarƙashin daɓe. Ranar da wani ya haƙa rijiya, rufewar ta tashi a banza. Inda yara za su yi wasan ƙasa, a kwashe kawai.